Ranar Da Ya Ce Min "Ke"

Shafi na 19

Masu cewa a shafin jiya na bar Gleb tsaye a tsakanin itatuwa na gudu, ban musa ba. Gudun na yi. Ga abin da safiya ta zo da shi.

*

Tun da gari ya waye na kasa zama wuri ɗaya.

Na karɓi kwanon kasha, kunun hatsinmu na safe, a tantin abinci, na kai cokali baki sau ɗaya, na ajiye. Na shiga ɗakin sutura kamar an aike ni, na shafa rigunan Uwargidan labarin fim ɗinmu da ke rataye, na fito. Na zagaya tsohon gidan gonar ta baya, ta wajen tafki, takalmina ya cika da taɓo. Yayyafi ake yi, ban ma lura na bar lema ba.

Aikina a fim ɗin nan ba na yawo ba ne. Tsohon adabinmu na karanta a jami'a, shi ya sa aka ɗauko ni in zauna bayan darakta da littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa a cinyata, kada wani ya sa wa mutanen da maganar 'yan yau a baki. Da yamma kuma in tsaya wa jarumin fim ɗin, Gleb Arkadyevich, a matsayin Uwargida ya yi bitar layukansa, don jarumarmu Vesna tana can wurin malamar harshe ana fama da lafazinta na Sabiya.

A littafin, safiyon da ya zo auna gonakin mijinta bai taɓa ce wa Uwargida "ke" ba. Tun ranar da ya sauka har kwalekwale ya tsallaka da shi, "ku" ne na girmamawa. A kan wannan na rubuta kundin digirina. Ni ma haka Gleb yake min tun da muka zo: ku, Taisiya Lvovna, kun sha shayi? Ku, Taisiya Lvovna, ba ku jin sanyi?

Sai jiya ya sauke takardar hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ke nake jira."

Babu wannan a littafi. Babu a takarda. Na san ba safiyo ne ya faɗa ba.

Na ba shi amsa, amsar da ba ta kowane marubuci ba ce. Sannan kunya ta kama ni na ruga.

To yau ina zan sa idona?

Ina cikin wannan zagayen na biyo ta bayan babbar motar aikin Kawu Fima, mai ɗaukar sauti. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Sai na ji wata mace tana magana a ciki, muryarta na rawa.

"Me ya sa ka daɗe? Kullum ina nan. Na san takunka tun daga matakala. Idan ka yi tari a ɗaya ɗakin, sai in rasa layin da nake karantawa."

Na tsaya.

Da farko tausayin matar ne ya kama ni. Sai daga baya na gane muryar.

Na leƙa. A ƙaramin allon da ke gaban Kawu Fima ga hanyar itatuwa, ga Vesna daga nesa cikin doguwar riga mai ruwan toka, ta ba kyamara baya, ga Gleb yana fuskantar ta. Bayan Vesna ne. Muryar tawa ce.

"Tasya," in ji Kawu Fima, bai ko juyo ba. Haka yake gajarta sunana. Shi ko gwamna zai iya ce wa kai. "Ko ki shigo ko ki fita. Ba a magana a kan dokin ƙofa, faɗa yake jawowa."

Na hau.

Zinaida Markovna, daraktarmu, tana zaune a lungu cikin jibgegiyar rigar sanyinta, sigarin da likita ya hana ta kunnawa yana tsakanin yatsunta.

"Yauwa," ta ce. "Kun hutar da ni aike. Ku zauna."

Ban zauna ba.

"A ina kuka samu wannan?"

"A bakinku."

"Ba kyamara a wurin. Babu kowa a wurin."

"Akwai makirfo. Ƙarami ne, a ƙarƙashin kwalar Gleb. Fima, mayar baya ta ji yadda numfashin ya zauna a kan kafaɗar Vesna. Kamar an auna."

"Kawu Fima, kada ku mayar."

Ya ɗauke hannunsa daga na'urar ya ɗora a ciki.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ganye yana kore," in ji Zinaida Markovna. "Ku saurare ni da kyau. Ina da fuskar da duk ƙasar nan za ta yi mafarkinta. Amma da ta buɗe baki sai a ji mai sayar da barkono a kasuwar Belgrad. An kawo min masu aron murya daga birni, duk sun iya kuka, ba wadda ta iya jin kunya. Sai wata rana na ji wata yarinya a bayan kujerata tana gyara wa wani kalma, tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi kuskuren. Na ce ga Uwargida nan."

"Me ya hana ku tambaye ni?"

"Da kun yarda?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kun yarda ma, da kun lalata. In aka sa ku gaban makirfo za ku koma ɗalibar da ke karanta waƙa ranar ba da kyauta. Za a biya ku, za a sa sunanku a rubutun ƙarshe. Kada ku dube ni haka, ba akuyarku na sata ba."

Hannuna ya rasa inda zai zauna. Na sa a aljihu, na fitar. Na gyara gilashina. Abu ɗaya ne a raina, kuma shi ne abin da ba zan iya tambaya a gaban mutane ba.

Na tambaya.

"Kalmar fa?"

"Wace?"

"A littafi 'ku' ne. Ya ce..." Bakina ya ƙi. "Ya canza."

"Ya canza, kuma ya yi daidai. Marubucinku matsoraci ne, ya bar mutane biyu suna wa juna 'ku' har kabari. Mutum ba zai sayi tikiti ya zauna a duhu ya kalli ladabi ba."

"Ku kuka ce ya canza?"

Ta juya sigarin ta shinshina shi.

"Ina faɗa wa 'yan wasa abubuwa da yawa a rana. Wasu ma ina mantawa. Me ya dame ku da wanda ya ƙirƙiro? Ta yi aiki."

Kawu Fima ya yi tari, ya shiga goge wani maɓalli da ba shi da datti.

A lokacin ne motar ta girgiza, wani ya tako matakala. Ban juya ba. Na san takun.

Gleb ne, cikin doguwar kwat ɗin safiyo, an manna masa saje gefe ɗaya, ɗaya gefen bai gama kamawa ba yana lilo. Da alama daga kujerar kwalliya ya taso. Ya dubi allo, ya dubi Kawu Fima, ya dube ni.

"Taisiya Lvovna," ya ce, "ku bari in yi muku bayani."

Ku.

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

"Ina jin ku, Gleb Arkadyevich."

"Ba a nan ba."

"A ina? A hanyar itatuwa? Ku buɗe kwalarku tukuna."

"Babu komai yanzu."

"Jiya ma ban ga komai ba."

Kawu Fima ya ce, "Kai Gleb, sajenka zai faɗi. Riƙe shi, ko abu ɗaya ka riƙe yau."

Ba wanda ya yi dariya. Gleb ya fizge sajen ya cusa a aljihu.

"Makirfon na sani," ya ce. "Ba zan ɓoye ba. An ce min kwana kaɗan ne, gwaji ne, za a faɗa muku. Kullum sai in ce gobe zan faɗa."

"Ban tambaye ku makirfo ba."

"Na sani."

"To?"

Ya dubi Zinaida Markovna. Wannan kallon ne ya fi komai ci min rai. Namiji ya tsaya a gabana, sai ya nemi izini a fuskar wata kafin ya ce ko kalmar bakinsa tasa ce.

"Ku fita ku ba mu wuri," ya ce mata.

"Motata ce, fim ɗina ne, kuma ana ruwa."

"Zinaida Markovna."

"Haske zai tafi, Gleb. Ku faɗa mata abin da za ku faɗa mu koma aiki."

Ya buɗe baki, sai wata murya ta riga shi daga ƙofa.

"Ana taro ba a kira ni ba?"

Vesna ce. Ta tattaro rigar Uwargida da hannu ɗaya don taɓo, a ƙafarta takalmin roba na masu aikin lantarki. Safar hannu fara har gwiwar hannu. Tun da muka zo ban taɓa ganin ta ba safar nan ba, ko a tantin abinci, wai kada rana ta ɓata launin fata. Kullum tana min kirki. Ita ce ta kawo min zuma lokacin da mura ta kama ni.

Motar ta yi mana kaɗan. Na matsa har bayana ya taɓa wayoyi.

"Vesna, ban sani ba," na ce. "Wallahi ban san ana ɗauka ba."

"Na sani. Wanda ya san ana ɗauka ba ya magana haka." Tana sa nauyi a inda ba nan kalma take da nauyi ba, kamar kullum, amma yau ba wanda ya ji sha'awar gyara ta. "An kunna min da sassafe. Muryarku tana da kyau. Ta fi dacewa da bayana fiye da tawa."

"Ban so in karɓe muku komai ba."

"Murya? Ku ɗauka. Ni ma na gaji da ita." Ta jingina da ƙofa. "Tambaya ɗaya nake da ita, ku ne malamar littafi. Ni ban iya karanta tsohon rubutunku da sauri ba. A wurin nan, safiyo yana cewa 'ke'?"

"A'a."

"A wani wurin fa? Can gaba?"

"Ko sau ɗaya."

"A takardar da aka raba mana?"

"Babu."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta dubi Gleb ba. Shi ma bai dube ta ba. Na ɗauka dokar darakta ce, don tun ranar farko Zinaida Markovna ta ce jarumi da jaruma ba ci tare, ba hira, ba "kai" ba "ke", sai gaban kyamara, wai don su ji yunwar juna.

"To wa ya rubuta?" in ji Vesna.

"Shi nake tambaya tun ɗazu."

"Aka ce me?"

"Aka ce ta yi aiki."

Ta yi 'yar dariya ta hanci.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo min ba. Ni da ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu. Na juya wurin Kawu Fima.

"A ina kuka yanke?"

"Yanke me, 'yata?"

"Na gudu na bar shi. Makirfon yana jikinsa. Bai mutu don na tafi ba."

Ya sosa ƙeya. "Sauran iska ce kawai. Ganye, tsuntsaye. Wani kare."

"Ina son jin karen."

"Fima," in ji Gleb. "Kar ka kunna."

"Kun ji ko?" na ce. "Ashe karen yana magana."

Zinaida Markovna ta miƙe. "Ya isa. Kowa ya koma wurin aikinsa."

"Idan ban ji ba, ba za ku sa ko tarina a fim ɗinku ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganina. Ta koma ta zauna.

"Kunna mata."

"Zinaida Markovna, kun yi min alkawari," in ji Gleb.

"Na yi wa likita ma."

Kawu Fima ya ɗauko abin sauraro na kunne ya miƙo min. Kafin in karɓa farar safa ta tare hannunsa.

"A lasifika," in ji Vesna. "Bayana ne a kai. Ni ma ina da kunne."

"Vesna," in ji Gleb, a hankali.

"Ku yi shiru, Gleb Arkadyevich. Ba a yarda mu yi hira ba."

Kawu Fima ya dubi rufin mota kamar mai neman gafara, ya danna.

Muryata ta sake fitowa, ƙarshen maganar. Sai in rasa layin da nake karantawa. Na runtse ido. Sai ƙarar tsakuwa, takuna ne, da sauri, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace.

Iska. Ganye.

Numfashinsa, kusa sosai, kamar a cikin kunnena. Ya daɗe yana numfashin. Wani abu ya faɗi ƙasa, ina jin takardar ce.

Sannan muryarsa, ƙasa ƙasa, ba irin ta safiyo ba.

"Fima. Kana ji na? Goge wannan."

Ya sake jan numfashi.

"Fima, don Allah. Wannan ba na fim ba ne. Ba wanda ya sa ni. Fita ta yi."

Na buɗe ido.

Ashe kalmar ba ta darakta ba ce. Tasa ce. Duk abin da aka yi min a motar nan, wannan ɗaya tawa ce, ba wanda ya rubuta. Na dube shi, ina jin fuskata tana abin da ban ba ta izini ba.

Amma shi ba ni yake kallo ba. Ƙasa yake kallo. Kawu Fima kuma ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji Vesna.

Ta ce masa bar shi, ba ku bar shi ba. Ban taɓa jin ta yi wa kowa haka ba.

Muryar Gleb ta ci gaba daga lasifika.

"Ka san halin tsohuwar nan Zinaida, in ta ji sai ta sa. Kuma ka san wa za a tsayar gaban kyamara ta motsa baki a kan maganar nan. Fima, Vesna matata ce. Kar ka sa matata ta haddace wannan."

Kawu Fima ya kashe.

Ruwa yana dukan rufin mota. Can waje wani yana kiran a kawo dokin da ke jan keken fim ɗin, wani yana amsa masa da zagi.

Na dubi Zinaida Markovna.

"Wa zai biya kuɗi ya kalli miji yana bin matarsa?" ta ce. Karo na farko muryarta ba ta da kaifi. "Ni na ce su ɓoye aurensu har fim ya fita."

Vesna ta kama yatsun safar hannunta ta dama, tana ja ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta zare ta. Siririn zobe ne, ba ado, ya ɗan shige cikin yatsa irin na wanda ya daɗe a wurin.

"Vesna," in ji Gleb, "ki bari mu je ɗaki."

"Ka je ka manna sajenka."

Bai motsa ba. Ita ma ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta tako zuwa gabana, rigarta tana jan wayoyi. Ta fi ni tsawo. Na rasa inda zan matsa, bayana ya riga ya kai bango. Na jira mari, na jira zagi da yarensu. Idonta a bushe yake.

"Zinaida Markovna," ta ce, idonta a kaina, "yaushe za a ɗauki fitowar nan daga kusa?"

"Yau. Da zarar ruwa ya tsaya."

"Fuskata kaɗai?"

"Fuskarku da tasa."

"Da maganar nan?"

"Da ita."

Vesna ta miƙo hannun mai zoben ta cire min wani ganye da ya maƙale a gashina. Ta duba shi, ta yar.

"Ni bai taɓa faɗa min da wannan muryar ba," ta ce. "Shi ya sa ban san yadda ake amsawa ba."

Ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Taso, Tasya. Ke kika iya. Zo ki tsaya a gabansa ki sake faɗa, ina kallon bakinki."